Wane ƙwaro ne yake kai-komo a gonar gero da magariba?

Ɗan Tasawa:
Assalamu alaikum. Tun da gerona ya fara fitar da kai nake ganin wasu ƙananan malam-buɗe-littafi irin na dare, masu ruwan ƙasa da ɗan ja-ja, da ɗige-ɗigen fari a fiffike. Da rana ba ka ganinsu, sai rana ta faɗi su tashi, wasu har da 'yar ƙara. Bara a wannan gonar tsutsa ta yi wa zangarniya zane kamar an naɗe ta da igiya. Shin su ne iyayenta?

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Su ne, uwar murzuna ke nan, wato tsutsar da ke cin zangarniyar gero, masana suna kiranta Heliocheilus albipunctella. Mai ƙarar namiji ne, yana kiran mace. Ita macen tana bin zangarniyar da ta fito sabuwa ta zuba ƙwai, cikin kwana 3 zuwa 5 su ƙyanƙyashe. Tsutsar tana cin fure, in ta girma ta riƙa yanke gindin ƙwaya tana zagaya zangarniya, shi ne zanen da ka gani. Bayan kamar wata guda sai ta sauko ta shige ƙasa, ta kwanta cikin ƙwansonta duk tsawon rani. Ba ta fitowa sai kusan wata ɗaya bayan saukar damina. Wato waɗanda kake gani yanzu, tun bara suke kwance a ƙarƙashin gonarka.

Inna Mai Masara:
Malam, ba ita ce mai cin masara ba?

Malamin Gona:
A'a Inna. Waccan baƙuwa ce daga nahiyar Amurka, a 2016 aka fara ganinta a Afirka, kuma tana haihuwa sau da yawa a shekara. Murzuna 'yar gida ce, sau ɗaya take yi.

Tsohon Manomi:
Ɗana, kada ka zuba kuɗinka a feshi, da zarar ta shige zangarniya magani bai cika samunta ba. A garinmu buhunan nan na cibiyar binciken aikin gona ta INRAN da ke Maradi aka rataya a gonaki, masu ɗan mitsitsin zanzaro da ke harbin tsutsar ta sandare ya yi ƙwai a jikinta. Na ga amfaninsu da idona. Amma sai gari ya haɗa kai, kuma a rataya su da wuri, gero na fitar da kai. Ka je wurin malamin gonar yankinku cikin makon nan.