Neman shawara: jakuzin da na sayo ya kusa wata biyu a gareji

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe a zauren nan ina karanta matsalolin mutane ban taɓa tofa baki ba, yau dai abin ya zo kaina. Ku yi haƙuri da tsawon bayani.

Shekara shida ke nan ina fama da ciwon baya, tun hatsarin da muka yi a hanyar Zariya muna dawowa daga ɗaurin aure. Na sha ƙwayoyi, na yi gashi a asibiti, an yi min ƙaho sau uku, har wurin wani mai ɗori aka kai ni a ƙauye, ya tattaka ni na dawo gida da rarrafe. Bara da ƙaramar Sallah yara suka matsa muka je Yankari, na shiga ruwan Wikki. Jama'a, kamar an surka maka ruwan wanka, kuma dare da rana ɗuminsa ɗaya, digiri 31. Awa biyu na yi a ciki. A daren na yi barcin da rabona da irinsa tun kafin hatsarin.

Ƙanina yana Amurka, yana turo motoci. Da na ba shi labari sai ya ce maƙwabcinsa zai tashi, yana neman kai da jakuzi, wato kwamin wanka mai ɗuma ruwa yana kaɗa shi da inji, irin na tsakar gida, mai ɗaukar mutum huɗu, da murfinsa da komai. Ya saye shi da araha ya cusa a kwantena. Kuɗin jirgi da na kwastan da na motar da ta ɗauko shi daga Legas sun ninka kuɗin sayensa, ba zan faɗi adadi ba don ban san wa ke karantawa ba.

Yanzu yana gareji, motata ce ke kwana a waje. Mai wayarin ɗina ya buɗe cikinsa ya ce wayoyi huɗu ya gani, ba irin namu ba ne, amma za a yi dabara. Mai aikin famfo ya ce shi bahon banɗaki ya sani. Ni kuma so nake a ɗora shi a barandar sama, in ina ciki iska tana kaɗa ni. Wa ya taɓa haɗa irinsa a Kano? Kuma ruwan kullum ake zubarwa ko yaya?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara afuwa Alhaji. Ni dai da na ji an ce jakuzi sai gabana ya faɗi. Mai gidana ya saka mana na banɗaki lokacin ginin gidan nan, ya cinye rabin banɗakin, ƙofa ma ba ta buɗewa duka. Sau huɗu aka kunna shi. Yanzu a ciki nake jiƙa labulaye, in an ɗauke wuta kwana biyu kuma nan muke tara ruwa. A lokacin kabad ɗin kicin na roƙa, har yau a kwali nake ajiye tukwane. Maza in abu ya shiga ransu ba sa jin kira.

Injiniya:
Alhaji, kafin komai, baranda wace iri? Wadda ke da ginshiƙai a ƙarƙashinta, ko wadda ta fito waje tana reto ba abin da ya tokare ta? Ba ka faɗa ba, kuma nan ne ran mutum yake.

Yi lissafi da kanka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Mai mutum huɗu yana cin kusan lita 1,200. Shi kansa kwamin zai yi kilo 300. Mutum huɗu su shiga, wani 300 ɗin. Kilo 1,800 ke nan a fili mai faɗin mita biyu, tsawon mita biyu, wato kilo 450 a kowace murabba'in mita. Dekin gidan zama ana lissafa shi ne a kan kilo 150 zuwa 200, shi ma in injiniya ne ya zana, aka kuma sa rodin da ya rubuta, ba wanda birkila ya ga ya isa ba. Ka sauke tunanin sama. A ƙasa, a zuba kankare mai kaurin inci huɗu zuwa shida, a daidaita shi.

Na biyu, wannan "dabarar" ta mai wayarin. Wutar Amurka dabam ce. Wayoyi huɗun da ya gani, biyu masu wuta ne kowacce 120, in an haɗa su su ba da 240, sai nutural, sai wayar ƙasa. Mu layi ɗaya 230 ne. In ya ga masu wuta biyu ya ce bari ya ɗauko layi biyu daga fal-waya, 400 zai ba shi, allon na'urar ya ƙone kafin ka ce kwabo. Ko ya tsallake wannan, injinan an yi su ne don wuta mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu 50 ce. Injin zai rage gudu, ya riƙa ɗaukar zafi, wata rana ka ji ƙauri.

Shawarata ka sayar da shi.

Baban Khalifa:
Na gode Injiniya. Amma ginina ba na ƙwalam ba ne, ina tsaye aka zuba dekin nan, rodi 16 aka sa. Ranar sunan autana mata sun fi talatin a saman ba abin da ya faru. Sayarwa kuma ba ta taso ba, wa zai saya a kuɗin da na kashe?

Injiniya:
Mata talatin sun watsu a falo na awa uku, sun tashi sun tafi. Wannan tan biyu ne a kusurwa ɗaya, dare da rana, shekara da shekaru. Kuma har yanzu ba ka amsa ba: akwai ginshiƙi a ƙarƙashin barandar ko babu?

Ɗan Ƙofar Ruwa:
Haba Injiniya, kullum ku tsoratar da mutane. Mu da muke kasuwa muna ganin kayan Amurka iri-iri, firji, injin wanki, duk ana sa musu taransifoma su yi aiki. Alhaji ka shigo kasuwa akwai yaran da za su haɗa maka a yini ɗaya. Ruwan kuma ba wani abu ba ne, ka jefa alif ya kwantar da datti, ka ɗiga Dettol, shi ke nan.

Injiniya:
Taransifoma ƙarfin wuta take sauyawa, ba ta mayar da 50 ta zama 60. Firji in ya ƙone nama ne ya lalace. Nan mutum ne tsundum cikin ruwa har wuya, hita mai kilowat biyar da rabi tana ci a gefensa. Yaran naka sun san bireka mai katse wuta in ta zurara, mai miliamf 30? Suna kafa sandar wayar ƙasa su auna ta, ko sai dai su ɗaura a jikin fayif? Alif kuma ba ya kashe ƙwayar cuta, laka kawai yake kwantarwa. Dettol a ruwan da injin ke kaɗawa, kumfa ce za ta cika gidan.

Bakano a Manchester:
Yaya, ni ina da shi a bayan gida shekara huɗu, bari in faɗa maka abin da ba a faɗa a talla. Ba a zubar da ruwan kullum, wata uku zuwa huɗu yake yi. Amma don ya kai hakan sai ka zama bawansa. Akwai 'yar takarda da ake tsomawa a auna, ni kusan kullum nake yi. Kulorin kada ya gaza 3, ma'aunin tsamin ruwan ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8. Mataci ina wanke shi duk mako, ku da kuke da ƙurar hunturu ban san sau nawa za ku yi ba. Injin zagaya ruwan kuma dole ya yi aiki awoyi kowace rana. In wuta ta yi kwana uku ba ta zo ba, ruwa mai ɗumi yana kwance a cikin fayif, ka yi wa cuta shimfiɗa. Na taɓa sakaci na mako ɗaya, ni da yarana duk muka feso da ƙuraje a ciki da cinya, likita yana gani ya tambaya ko muna da jakuzi. Akwai wadda ta fi wannan, ta huhu, Lejiyonela, ita a tururin ake shaƙarta.

Ban yarda da Injiniya a kan sayarwa ba. Jikin kwamin ba ruwansa da 50 ko 60. A cire allon da injinan a sa na Turai, wutarsu ɗaya da ta gida. Sai dai a shirya kuɗi.

Wane ruwa kake da shi? In burtsatse ne mai ƙarfe, kana zuba kulorin zai koma kalar shayi.

Baban Khalifa:
Burtsatse ne, mai kyau, shi muke sha. Sai dai daga Maris yana ja baya, sumo ya yi minti ashirin ya tsaya. Wuta kuma muna Band A, rukunin da aka ce ya fi samun wuta, alhamdu lillahi ana samu.

Abu Hanifa:
Band A a takarda! Mu ma can aka jefa mu tun Afrilun 2024 da aka kai yunit naira 225. An ce awa ashirin a rana, jiya na ƙirga, tara muka samu. Taransifomar layinmu ta lalace mu muka yi karo-karo, an gyara, kuɗin wata bai ragu da sisi ba. Ni yanzu ko dutsen guga sai na duba mita nake jonawa, wani kuma yana maganar dafa ruwa lita dubu. Allah ya ba mu yadda za mu yi.

Injiniya:
To ga lissafin. Ɗaga lita 1,200 da digiri ɗaya yana cin yunit 1.4. Da sanyi ruwan tanki yana sauka wajen 20, kana son 38, yunit 25 ke nan, sama da naira 5,000 a ɗumamawar farko kawai, ban da ta kullum. Janareta kuwa, hita da injin tare, ɗan 6.5 ɗin da ke yawancin gidaje ba zai ɗauka ba. In burtsatsen ya ƙafe, jarka 48 ce, kura huɗu ta 'yan ga-ruwa, su hau da ita bene.

Baban Khalifa:
Ni ba 38 nake nema ba, 31 irin na Wikki ya ishe ni.

Ɗan Ƙofar Ruwa:
In 31 ne Alhaji ai ka huta da hita. Watan Afrilu ruwan tankin rufinka ya fi haka zafi, kyauta.

Injiniya:
Wikki daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa yana gangarawa kogin Gaji, ruwan da ka shiga da safe ba shi ne na yamma ba. Naka a kwance yake. A 31 ɗin ma ƙwayoyin cuta suna hayayyafa.

Malamin Islamiyya:
Ni tawa tambayar dabam ce. Ruwan da zai yi wata uku ana shiga ana fita, an zuba masa magani har warinsa ya sauya, kada a ɗauke shi na wankan tsarki ba a tambayi malamai ba. Sannan baranda a sama, maƙwabta fa? Iyali za su shiga ko kai kaɗai? A duba sutura.

Hajiya Babba:
Ni ma abin da nake son ji ke nan. Ɗana, ka ce barandar sama. Saman ɓangaren wa? Don na tuna kwanaki ka yi tambaya a nan a kan raba mita gida biyu. In mata biyu ne, ka saka wa ɗaya tafki a ƙofar ɗaki ɗayar tana leƙe, ciwon bayan zai dawo maka ta wuya. Ni kan firji aka yi shekara ba a gaisa ba a gidanmu. Kuma kana da ƙananan yara, murfin yana da makulli? Yaro a bokiti ma yana nutsewa.

Baban Khalifa:
Hajiya wannan magani ne, ba kayan ɗaki ba. Kowa a gidan ya san halin da bayana yake ciki. Murfin yana da maɓallai, biyu sun karye a hanya, za a gyara.

Maman Ilham:
"Za a gyara." Haka aka ce min a kan ƙofar banɗaki.

Nas Mai Dare:
Ba wanda ya tambayi lafiyarsa. Alhaji kana da hawan jini ko suga? Ruwan zafi yana saukar da jini, mutum ya miƙe jiri ya kwashe shi. Kada ya wuce digiri 40, kada ka wuce minti 15 zuwa 20, awa biyun Yankari ba a yin ta a nan. Mai juna biyu kuma kada ta shiga. Ka gaya wa likitan da ke duba bayan tukuna.

Baban Khalifa:
Jinina yana ɗan hawa amma ina shan magani. Na gode ƙwarai. Duk na ji bayananku, sai dai kamar ba a fahimce ni ba. A ƙasa ba ni da fili, in ba wurin da ake shanya ba, nan kuma kowa ke wucewa. Mai wayarin ɗin nan shekara tara yana min aiki ko ƙwan fitila bai taɓa ƙona min ba. Na yi magana da masu ɗaga kaya, Asabar za su zo. Tunanina a hau da shi, a zuba ruwa rabi a bar shi mako ɗaya a gani ko dekin zai nuna wata alama.

Injiniya:
Alamar da baranda mai reto ke nunawa ita ce faɗowa. Sau biyu ina tambayar ginshiƙi. Ka kira injiniyan gini ya zo ya gani da idonsa kafin Asabar, kuɗinsa bai kai na masu ɗaga kayan ba. Ni na gama.

Ɗan Ƙofar Ruwa:
Alhaji turo min hoton wayoyin ta akwati.

Bakano a Manchester:
Hoton takardar da ke manne a jikin allon za ka turo, ita ce ke da lambar samfurin. A nan zauren, ba ta akwati ba.

Abu Hanifa:
Sun sake ɗaukewa. Wai akwai wanda ya san nawa batirin lithiyum mai kilowat biyar yake yanzu a Sabon Gari?