Shin da gaske ana mayar da kwal iskar gas tun yana ƙarƙashin ƙasa?

Ɗalibi daga Gombe:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. A wani darasi kan makamashi an ambata mana cewa akwai hanyar da ake cinna wa kwal wuta yana kwance a cikin ƙasa, a zuƙo iskar gas daga gare shi, a samar da wutar lantarki ko ma man dizal, ba tare da an haƙo shi ba. Abin ya ɗaure mini kai, domin kwal ɗin Maiganga da masana'antar siminti ta Ashaka take amfani da shi haƙo shi ake yi a loda a manyan motoci. Ta yaya wutar da ke ci a ƙarƙashin ƙasa za ta ba da gas mai ƙonuwa maimakon hayaƙi da toka? Idan kuma hanyar tana aiki, me ya hana ta yaɗuwa?

Tsohon Malamin Kimiyya:

Wa alaikumus salam. Amsar tambayarka ta farko tana wurin masu yin gawayi, waɗanda ba sa barin itace ya ci da wuta a fili, sai su turɓune shi da ƙasa su bar 'yar kafa, yadda iskar da ke shiga ba za ta isa ta cinye shi ƙurmus ba. Kusan haka ake yi wa kwal. Ana haƙa rijiyoyi biyu irin na burtsatse har su taɓa shimfiɗar kwal ɗin, a buɗe hanya tsakaninsu ta can ƙasa, sannan a hura iska ko oksijin haɗe da tururi ta ɗaya, a kunna wuta. Da yake an ƙayyade iskar, wani sashe ne kawai yake ƙonewa, kuma zafin da ya bayar, wanda yakan haura digiri 1,000, shi ne yake sa ragowar kwal ɗin ya haɗu da tururi ya rikiɗe zuwa haidurojin da kabon monoksaid, da ɗan iskar mitan, wato irin gas ɗin da ake samu a rijiyoyin mai, da kabon dayoksaid mai yawa. Wannan cakuɗe ne yake fitowa ta rijiya ta biyu, toka kuwa ta zauna a inda take.

Gas ɗin ba shi da ƙarfi sosai. Idan iska zalla aka hura, zafin da yake bayarwa bai wuce kusan kashi ɗaya bisa goma na gas ɗin da ake samu a rijiyoyin mai ba, shi ya sa ba a jan shi zuwa nesa, a gefen filin ake gina tashar lantarki. Oksijin yana ƙara masa ƙarfi, amma tace oksijin daga iska yana cin kuɗi da lantarki. Idan mai ake so, sai a wanke gas ɗin daga kwalta da farar wuta da ƙura, a bi da shi ta hanyar da Jamusawa biyu, Franz Fischer da Hans Tropsch, suka gano a 1925, wadda take haɗa haidurojin da kabon monoksaid su zama dizal da kakin da ake sake tacewa. Kamfanin Sasol yana yin wannan a Secunda ta Afirka ta Kudu, sai dai shi haƙo kwal ɗin yake yi ya mayar da shi gas a manyan tukwane a doron ƙasa, kada ka haɗa su.

Tunanin cinna wa kwal wuta a ƙarƙashin ƙasa kansa tsoho ne. Injiniya William Siemens ya kawo shi a Ingila a 1868, Lenin, jagoran 'yan gurguzun Rasha, ya yi rubutu yana yaba shi a 1913, Tarayyar Sobiyet kuma ta gina tashoshi da dama, cikinsu har da ta Angren a Uzbekistan da ta fara aiki a 1961. Da suka gano gas mai yawa a Siberiya, sai suka ja baya.

Injiniyar Ruwa:

Malam, Allah ya ƙara sani, kun warware ɓangaren kimiyya, ni kuma zan taɓa tambaya ta biyu, domin a ganina ruwa ne ƙashin bayan maganar. Ramin da wutar take ci ba tukunyar ƙarfe ba ce da za a rufe a auna. Dutse ne mai tsagogi, kewaye da ruwan ƙarƙashin ƙasa, ba kuma wanda yake ganin abin da ke gudana a ciki. Wutar tana haifar da guba irin su benzin da finol. Dokar aikin ita ce matsin iskar da ke cikin ramin ya kasance ƙasa da matsin ruwan da ke kewaye da shi, domin ruwa ya riƙa tsiyaya ciki, gubar kuma ta bi gas ta fito ta rijiya. Da zarar aka ƙara matsi don a sami gas mai yawa, lamarin ya juya, gas da guba su kutsa cikin dutsen.

Abin da ya faru ke nan a Hoe Creek ta jihar Wyoming a Amurka, inda gwaje-gwajen da aka yi a ƙarshen shekarun 1970 suka gurɓata ruwa, bayan rufin ramin ya burma ya haɗe da ruwan da ke samansa. A Ostireliya abin ya fi muni. Kamfanin Linc Energy ya fara aiki kusa da Chinchilla a jihar Queensland a 1999, har ya fitar da mai daga gas ɗin a 2008, aka yi ta yaba shi. Daga baya aka tarar da gas ya ratsa ƙasar gonakin yankin, har hukuma ta gargaɗi manoma game da haƙa ramin da ya wuce mita 2. Jihar ta haramta hanyar baki ɗaya a 2016, a 2018 kuma kotu ta sami kamfanin da laifin lalata muhalli ta ci shi tarar dala miliyan 4.5 ta Ostireliya, alhali ya riga ya durƙushe. A 2016 ɗin gwamnatin Sikotilan ita ma ta ce ba za ta amince da ita ba.

Masu goyon bayanta suna cewa laifin zaɓen wuri ne da gaggawar neman riba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, domin idan kwal ɗin yana da zurfi sosai, kamar gwajin Swan Hills a Kanada da aka yi a zurfin mita 1,400, ya yi nisa da ruwan da mutane ke sha. Sai dai duk zurfin da aka ƙara, kuɗin haƙa yana ƙaruwa.

Ɗalibi daga Gombe:

Na gode ƙwarai, Malam, na gode Hajiya. To, ke nan ba za ta dace da kwal ɗin Najeriya ba?

Tsohon Malamin Kimiyya:

Kwal irin na Maiganga da ake yaye ƙasa a kwasa ba ya buƙatarta, domin an ƙirƙiro ta ne saboda wanda ya yi zurfi ko ya yi wahalar haƙowa. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Majuba a Afirka ta Kudu, inda duwatsun da suka ratsa shimfiɗar kwal suka sa aka rufe mahaƙar da aka gina don ciyar da tashar lantarkin da ke wurin. Eskom, kamfanin lantarki na ƙasar, ya kunna wutar gwaji a can a 2007, ya kai ga ƙona ɗan gas ɗin tare da kwal a tashar a 2010, amma aikin bai girma ya zama na kasuwanci ba. Najeriya kuwa tana da gas da ya haura kubik ƙafa tiriliyan 200 a ƙasa, har yanzu ma ana ƙona wani a banza a Neja Delta, don haka ban ga mai zuba jarin da zai bar wannan ya nemi gas mai rauni daga kwal ba.

Injiniyar Ruwa:

Ƙari a kan maganar Malam, kwal ɗin Inugu da aka gano a 1909 yana kwance ne a ƙarƙashin dutsen yashi na Ajali, wanda shi ne rumbun ruwan da yankin ya dogara da shi, kuma ruwa ya daɗe yana damun mahaƙan wurin. Duk wanda ya zo da shawarar cinna wuta a can, abin da za a fara nema a hannunsa shi ne taswirar ruwan ƙarƙashin ƙasa da adadin rijiyoyin sa ido da zai haƙa, da kuma wanda zai ci gaba da auna ruwan bayan an kashe wutar.