An ba ni kujerar Adlai Stevenson a kwamitin rikici, ta ina zan fara?

Ɗalibar Shari'a:
Assalamu alaikum. A tarukan kwaikwayon Majalisar Ɗinkin Duniya, Babban Zaure na saba zama: ka wakilci ƙasa, ka yi jawabi, a haɗu a rubuta ƙuduri. Wannan karon an jefa ni kwamitin rikici, cikin mashawartan Shugaba Kennedy lokacin dambarwar makamai masu linzami da Tarayyar Sobiyet ta girke a Kiyuba, Oktoban 1962. Ni ce Stevenson, jakadan Amurka a Majalisar. McNamara na riƙe da ma'aikatar tsaro, Robert Kennedy ƙanin shugaba ne, ni kuwa sai baki. Yayyena, me zan yi da wannan kujera?

Mai Bayan Fage:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ni aikina a irin waɗannan taruka shi ne karanta wasiƙun sirri da wakilai ke turowa, don haka saurara.

Wasan fage biyu ne. A zaure ba a dogon ƙuduri, umarni ake rubutawa, layi kaɗan, a kaɗa ƙuri'a nan take. A bayan fage kuma mu ne sauran duniya: mu ne Khrushchev shugaban Sobiyet, mu ne Castro na Kiyuba, mu ne 'yan jarida. Abin da kuka yi shi muke mayar muku a matsayin sabon labari, galibi daidai lokacin da kuka zaci ƙura ta lafa.

Kada ki rena kujerarki. Stevenson na da hanyar ganin U Thant, muƙaddashin Babban Sakatare a lokacin, kuma yana zama teburi ɗaya da Zorin, jakadan Tarayyar Sobiyet a Majalisar. Stevenson ne ya baje hotunan sansanonin makaman a Kwamitin Sulhu ranar 25 ga Oktoba. Ya ba da shawarar a yi musayar janye makaman Kiyuba da janye makaman Jupiter da Amurka ta girke a Turkiyya, aka ɗauke shi rago, amma abin da Robert Kennedy ya tabbatar wa Dobrynin, jakadan Sobiyet a Washington, a asirce ke nan ranar 27.

Wasiƙar da ke burge ni ita ce mai faɗin wa za a aika, da me, kuma don me. "A shirya min ganawa da U Thant, in nemi ya roƙi jiragen ruwan Sobiyet su dakata" ta wuce. "Ina tura sojojina" daga bakin jakada? Wane soja? Masu neman a kashe musu abokin hamayya tun zaman farko kuwa, wallahi sun ishe mu.

Tsohon Wakili:
Malam ya faɗi gaskiya, amma shi mutumin bayan fage ne, dole ya yabi wasiƙa. Shugaban zama ba ya ganin wasiƙarki, hannunki yake gani. Duk sanda aka shigo da labari, ki ɗaga allon sunanki, ki fara rubuta umarni kafin a gama mamaki. Kuma kada ki dogara da yadda tarihi ya ƙare. Kwamitinku na iya zaɓen kai hari ta sama maimakon killace tekun Kiyuba da Kennedy ya yi, shi ke nan karatunki ya zama tsohon zance.

Ɗalibar Shari'a:
Na gode ƙwarai. An ce akwai wani ɗakin da ɗalibai ke wasan ɓangaren Sobiyet. Zan iya rubuta musu kai tsaye?

Mai Bayan Fage:
To kwamitin haɗin gwiwa ne ke nan. Za ki iya, amma ta hannunmu za ta bi, kuma muna iya sa ta faɗa hannun McNamara. Ki rubuta abin da za ki iya karewa idan aka karanta shi a zaure.