Neman shawara: Yarana sun ce in raba musu gardamar Yankees da Dodgers

Baban samari, Bronx

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman taimakon waɗanda suka san besbol, don ni iyakata ƙwallon ƙafa. Ina da samari biyu, babban shekararsa 16, ƙaramin 13, duk a nan Bronx aka haife su. Babban ɗan gani-kashe-nin Yankees ne, tunda ga filinsu nan a titi na 161, da ƙafa ma yana zuwa. Ƙaramin kuwa tun ranar da Shohei Ohtani ya koma Dodgers ya bi shi, sai da ya matsa wa uwarsu ta sayo masa riga mai lamba 17. Daga farkon Nuwambar 2025 da Dodgers suka doke Toronto Blue Jays suka ɗauki kofin World Series, wato jerin wasannin ƙarshe na besbol ɗin Amurka, karo na biyu a jere, ba a ƙara cin abincin dare a gidana ba tare da musu ba.

Babban ya ce ba abin da ya kayar da Yankees sai kocinsu Aaron Boone, wai bai iya jera masu bugu ba. Yau ya sa Aaron Judge na biyu, gobe na uku, alhali a ganinsa gwanin ƙungiya na huɗu ya kamata ya zo, ya tarar da mutane a kan tashoshi (wurare uku da mai bugu ke bi kafin ya dawo gida ya ci maki) ya kwaso su gida. Ƙaramin ya ce jeri ba ya cin kofi, masu jifa ke ci, hujjarsa Yoshinobu Yamamoto da ya yi jifa kwana biyu a jere. Da na tambaye su dalilin da zai sa a biya mai jifa miliyoyin daloli kuma a bar shi zaune kwana huɗu yana kallo, sai suka haɗu suka yi mini dariya. Nan kaɗai suka taɓa yarda da juna.

Wanda ya fi damuna shi ne, ƙaramin yana jifa a ƙungiyar yaran unguwa, ya kuma rantse idan aka dawo wasa a Afrilu zai ce wa kocinsu ya sa shi Asabar da Lahadi duka, tunda Yamamoto ya yi bai mutu ba. Wa ya fi gaskiya a cikinsu, kuma me zan gaya wa ƙaramin?

Tsohon direban tasi, Harlem

Wa alaikumus salam ƙanena. Na tsufa da rediyon Yankees a cikin mota, don haka bari in fara. Abin da babban yaronka yake faɗa ba daga kansa ya ƙirƙiro ba, haka aka gada. Lokacin da Yankees suka fara sa lamba a riga a 1929, da jerin bugu aka raba: Babe Ruth yana zuwa na uku aka ba shi 3, Lou Gehrig yana binsa aka ba shi 4. Mu da muka koyi wasan a bakin tsofaffin unguwa, abin da muka sani ke nan: na farko mai gudu, na biyu mai tura shi gaba, na uku da na huɗu masu ƙarfin sanda.

Amma idan yana son ya kama Boone da laifi, ya bar maganar jeri, ya koma wasan farko na World Series ɗin 2024 a Los Angeles. Muna gaba 3-2 a zagaye na goma (zagaye tara ake yi, sai an yi kunnen doki ake ƙarawa), sai Boone ya kira Nestor Cortes, mutumin da rabonsa da jifa tun tsakiyar Satumba saboda ciwon gwiwar hannu, ga Tim Hill a tsaye ya gama ɗumama hannu. Cortes ya fitar da Ohtani, aka ba Mookie Betts tasha da gangan, tashoshi uku suka cika. Jifan farko da ya yi wa Freddie Freeman, sai dai muka ga ƙwallo a cikin 'yan kallo, maki huɗu suka shiga, aka ci mu 6-3. Na kashe rediyon, fasinjan da ke bayana ma bai ce uffan ba har na sauke shi. Wannan ai zaɓen mai jifa ne, ka ga ke nan ƙaramin ma yana da tasa.

Injiniya, Columbus

Baba direba, a yi mini afuwa, zancen na huɗu ya tsufa. Wasa 162 ake yi a kaka. Duk matakin da ka sauko da mutum ɗaya a jeri, ka rage masa kusan tsayawa bugu 18 a shekara. Ka ɗauke Judge daga na biyu ka kai shi na huɗu, ka yi asarar tsayawarsa fiye da 30, mutumin da ya buga homran (bugun da ke tsallake katangar fili) 53 a 2025. Kuma na huɗu ba shi da tabbas ɗin zuwa a zagayen farko: idan ukun gabansa suka fita a jere, sai ya buɗe zagaye na biyu ba kowa a tasha. Shi ya sa ƙungiyoyin yanzu suke sa gwaninsu na ɗaya ko na biyu. Ohtani da kansa na farko yake zuwa wa Dodgers.

Duk da haka, ribar da ake samu tsakanin jeri mai kyau da jeri mai dama-dama 'yar kaɗan ce a kaka guda. Mu 'yan kallo muna son musun jeri ne saboda shi ake liƙawa kafin wasa, kowa na iya ɗaukar biro ya rubuta nasa. A gaya wa babban ya duba yadda Toronto ta fitar da Yankees a Oktoban 2025: 10-1, 13-7, Yankees suka ci ɗaya 9-6, aka rufe da 5-2. Maki 34 aka zura musu a wasa huɗu. Judge kuwa a wasannin bayan kaka na shekarar ya tsaya bugu 26 ya ci 13, rabi cif. Ko na huɗu aka sa shi, ko na ɗaya, ba shi zai hana a yi wa mai jifan Yankees Max Fried ruwan maki a wasa na biyu ba, duk da Fried ɗin ya ci wasa 19 a kakar.

Sannan wa ya ceci Dodgers a wasa na bakwai na World Series ɗin 2025? Miguel Rojas, na tara a jeri, wanda ba a san shi da homran ba, shi ya rama a zagaye na tara.

Tsohon direban tasi, Harlem

Injiniya, ku da lissafinku. To me ya sa da Betts ya daina samun ƙwallo kocin Dodgers Dave Roberts ya sauko da shi na huɗu a wasa na shida, kuma a ranar ya buga wadda ta kawo maki biyu aka ci 3-1? Mutum ba kwamfuta ba ne, wurin da aka ajiye shi yana taɓa zuciyarsa.

Injiniya, Columbus

Bugu ɗaya ne fa, Baba. Da bai samu ba, da yanzu ana cewa Roberts ya karya masa gwiwa.

Ɗalibi, Osaka

Kawu mai tambaya, tambayarka da suka yi wa dariya ita ce gindin maganar. Mai fara jifa yana wurga ƙwallo kusan sau 100 a wasa, masu ƙarfin ciki suna kai gudun kilomita 150 zuwa 160 a awa, duk nauyin kuma a kafaɗa da wata 'yar jijiya ta cikin gwiwar hannu yake sauka. Ɗan dambe ma ba ya shiga fili kullum da hannu ɗaya. Shi ya sa a Amurka ake karɓa-karɓa tsakanin mutum biyar: ka yi yau, ka huta kwana huɗu, ka dawo. A nan Japan mutum shida ne, kowa sau ɗaya a mako, har 'yan kallo sun san ranar kowa. A haka Yamamoto ya tashi a Orix Buffaloes ta nan yankinmu, ya ci kyautar Sawamura ta gwanin masu jifa sau uku a jere, 2021 zuwa 2023, kafin Dodgers su ba shi dala miliyan 325 na shekara 12. Ko a can ɗin ma sun riƙa ba shi hutu fiye da na sauran 'yan Amurka.

Abin da ya yi a Toronto kuwa, jifa 96 a wasa na shida, washegari ya fito ya ƙara 34 har aka tashi a zagaye na 11, ya yi shi ne don daga ranar babu sauran wasa sai bayan watanni. Kuma dole ce ta sa. Roberts bai amince da masu taya jifansa ba, sai ya ƙone duka manyansa huɗu a dare ɗaya: Ohtani, Tyler Glasnow, Blake Snell da Yamamoto. Ƙaramin ya tuna kuma gwaninsa Ohtani da ya fara wasan da hutun kwana uku kacal, bai gama zagaye na uku ba, Bo Bichette na Toronto ya buga masa homran mai maki uku aka cire shi. A wasa guda an ga wanda gajeren hutu ya bari da wanda ya kayar.

Ga labarin da zan so a ba shi, tunda ɗan Dodgers ne. Jafanawa suna girmama yaron da ya jure. Har yau ana zancen Daisuke Matsuzaka da ya yi jifa 250 a wasa ɗaya a gasar sakandare ta Koshien a 1998. Amma a 2019 kocin makarantar Ofunato ya hana Roki Sasaki fitowa a wasan ƙarshe na jihar Iwate don kare masa hannu. Suka sha kashi, ba su je Koshien ba, aka yi ta zagin kocin a faɗin ƙasa. Wannan Sasakin shi ne ya riƙa rufe wa Dodgers wasa a Oktoban 2025. Yanzu ma hukumar wasan sakandare ta nan ta ƙayyade jifa 500 a mako.

Maman 'yan uku, nas, Newark

Yaya, ku bar su su yi ta musun Judge har a yi sahur, ba abin da zai ci su. Maganar Asabar da Lahadi ce ba a sasantawa. A dokar Little League, hukumar besbol ta yara, yaro ɗan 13 ba ya wuce jifa 95 a rana, kuma idan ya kai 66 dole ya huta kwana huɗu cur. Ko 21 ya yi sai ya huta kwana ɗaya. Ƙashin gwiwar hannunsa bai gama haɗewa ba, ba irin na babba ba ne. Ka je da kanka ka tambayi kocin wa ke ƙirga jifa, ka kuma tabbatar ba ya jifa wa ƙungiya biyu a lokaci guda, don nan ake cutar yara: kowane koci yana ƙirga nasa, hannun kuwa ɗaya ne. Idan ya ce cikin gwiwar na masa zafi, ko ka ga yana yarfe hannu bayan jifa, ya ajiye ƙwallo a ga likita, kada a shafa man zafi a ce ya koma.

Tunda da manyan 'yan wasa yake kafa hujja, a mayar masa da su. An yi wa Ohtani aikin gwiwar hannu a 2018, aka sake a 2023, duk 2024 bai jefa ko ɗaya ba, sai Yunin 2025 ya dawo, shi ma da zagaye ɗaya aka fara lallaɓa shi. Gerrit Cole na Yankees an yi masa nasa a Maris 2025, kaka guda ta tafi. Su suna da likitocin ƙungiya da albashin da ba ya tsayawa. Naka inshorar gidanku ce za ta ji a jikinta.

Ɗan Jays, Toronto

Ni ku ƙyale ni da ciwona. Amma ƙaramin kada ya cika baki da cewa masu jifa ke cin kofi. Yaronmu Trey Yesavage, ɗan shekara 22, ya fitar da 'yan Dodgers 12 a wasa na biyar a gidansu, muka dawo Toronto muna gaba 3-2, ina kofin? A ƙarshen zagaye na tara na wasa na bakwai tashoshi a cike suke, Isiah Kiner-Falefa ya taho gida, aka fitar da shi a bakin gida. Da ya ɗan ƙara nisa daga tasha ta uku kafin bugun, da yau wani zancen ake, ba wanda zai tuna jifa 34. A gaya wa yaran su biyun akwai tsaron fili da gudu, akwai kuma rabo.

Baban samari, Bronx

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta musu. Ƙaramin ya yi shiru a kan Sasaki, ya ce zai bincika ko gaskiya ne. Babban ya sauko daga na huɗu, amma ya ce har yanzu a kori Boone, tunda rabon Yankees da kofi tun 2009. Baba direba, ya ce kai kaɗai ka fahimce shi.

Tsohon direban tasi, Harlem

Ka gaishe shi, amma kada ya jingina da ni da yawa. Ka sa ya nemo zagaye na biyar na wasa na biyar a 2024, ku kalla tare, ya riƙa yi maka bayani. Muna gaba 5-0 a gidanmu, Cole yana jifa kamar ba gobe. Judge ya saki ƙwallon da ta faɗo masa cikin safar hannu, kuskurensa na farko a duk shekarar. Anthony Volpe ya yi mummunan wurgi zuwa tasha ta uku. Betts ya buga ta ƙasa wajen Anthony Rizzo, Cole ya tsaya yana nuni da yatsa maimakon ya ruga tasha ta farko. Maki biyar suka shiga, aka tashi 7-6, Dodgers suka ɗaga kofi a Bronx. Ka tambaye shi wanne daga cikin ukun nan Boone ya yi. Idan ya ce ai koci ne bai horar da su ba, to wannan musun da ni zai yi, ka kawo shi masallacin Juma'a.