Muhawara: Bengals sun zuba kuɗi a gaba sun bar baya a buɗe, daidai ne ko kuskure?

Malam Isa: Assalamu alaikum jama'a. Ga maganar da nake so mu tattauna yau, a kan ƙwallon ƙafa irin na Amurka, inda 'yan gaba ke neman maki, 'yan baya ke tsaro. Ƙungiyar da ta riga ta biya kwatabak ɗinta, wato mai jefa ƙwallo da ke jagorantar 'yan gaba, maƙudan kuɗi ba ta da hujjar sake ɗaukar nauyin masu cafe ƙwallo biyu masu tsada. Da Cincinnati Bengals nake. Kwatabak ɗinsu Joe Burrow yana kan kwantiragin dala miliyan 275 na shekara biyar. A watan Maris na 2025 suka ba masu cafewa biyu, Ja'Marr Chase miliyan 161, Tee Higgins miliyan 115, kowanne na shekara huɗu. Mutum uku ke nan sun kwashe kusan miliyan 124 a shekara, alhali iyakar albashin da NFL, hukumar gasar, ta yanke wa kowace ƙungiya a 2025 miliyan 279 ne da 'yan kai, kuma mutum 53 za a biya da shi. Abin da ya fi ci mini rai, sun ga abin da ya same su a 2024. Sun ci maki 33 Washington ta ci 38. Sun ci 38 Ravens ta ci 41. Aka sake haɗuwa da Ravens, sun ci 34 ta ci 35. Steelers ta zuba musu 44 suna da 38. Burrow ya fi kowa yadin jifa a kakar, 4,918, amma suka ƙare da nasara 9 da rashin nasara 8, ko wasannin fitar da gwani ba su shiga ba. Ɗibar ruwa da kwando ke nan.

Auwalu: Wa'alaikumus salam Malam. Da girmanka, lissafin nan bai tafi yadda ake yinsa ba. Miliyan 124 ɗin matsakaici ne kawai. Kuɗin sa hannu ana rarraba shi a littafin ƙungiya har shekara biyar, shi ya sa shekarun farko nauyin ba ya kai haka. Kuma iyakar albashin hawa take yi, a 2024 miliyan 255 ce, shekara ɗaya ta ƙaru da kusan 24. Kwantiragin da ya yi tsada bana, nan da shekara uku ya zama na talaka. Sannan Chase fa? Cafewa 127, yadi 1,708, tacdawun (kai ƙwallo ƙarshen filin abokan hamayya) 17, duk ukun shi ne na ɗaya a 2024. Wa zai saki irin wannan?

Malam Isa: Ban ce a saki Chase ba, ƙanena. Higgins nake magana. Ɗaya ya isa.

Maman Hanifa: Ni a nan ina tare da Malam, kuma Chiefs ne hujjata. A Maris 2022 mai cafe musu ƙwallo Tyreek Hill ya nemi albashi mai nauyi, suka tura shi Miami suka karɓi gurabe biyar na zaɓen sababbin 'yan wasa. Kowa ya ce kwatabak ɗinsu Mahomes ya shiga uku. A zaɓen shekarar suka ɗauko Trent McDuffie da George Karlaftis, duka 'yan baya. Suka ci Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar, sau biyu a jere, 38 da 35 a kan Eagles, sai 25 da 22 a kan 49ers. A kakar 2023 ma 'yan gabansu ba su taka rawar gani ba, masu cafewa suna ta zubar da ƙwallo, 'yan bayan da Steve Spagnuolo ke horarwa ne suka riƙe su har ƙarshe. Idan kwatabak ɗinka ya cancanci wannan kuɗin, to ya nuna da masu cafewa na tsaka-tsaki.

Nura: Anti, Chiefs suna da mai cafewa Travis Kelce da mai horarwa Andy Reid a lokacin, ba haka nan suka bar Mahomes ba. Kuma kowa na magana kamar Bengals sun manta da baya ne. Dax Hill zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa suka ɗauke shi a 2022. Myles Murphy zagayen farko a 2023. Shemar Stewart zagayen farko a 2025. Hanyar da Chiefs suka bi ita suka bi, sai dai zaɓen Chiefs ya faɗa daidai, nasu bai yi musu aikin da suka sa rai ba. Wannan matsalar masu duba 'yan wasa ce da masu horarwa, kuma sun sallami mai horar da 'yan bayansu Lou Anarumo bayan kakar 2024. Ko ka cire Higgins, zaɓen da bai yi kyau ba yana nan yadda yake.

Kawu Bala: Yara, ku bari in sa baki. Ni tun kafin yawancinku ku san wasan nan nake kallonsa. A kakar 2013 Denver ta ci maki 606, Peyton Manning ya jefa tacdawun 55, ba a taɓa ganin irin haka ba. Suka haɗu da Seattle a Super Bowl, aka tashi 43 da 8. Me John Elway, manajan Denver a lokacin, ya yi? Ya je kasuwa ya kawo 'yan baya DeMarcus Ware da Aqib Talib da T.J. Ward. Bayan shekara biyu Manning ya tsufa, hannunsa ya mutu, a kakar ya jefa tacdawun 9 aka ƙwace masa 17, amma suka doke Carolina 24 da 10, ɗan baya Von Miller ya zama gwarzon wasan. Ƙungiya ɗaya, kwatabak ɗaya: da yana kan ganiyarsa ya sha kashi, da baya ta yi ƙarfi ya ɗaga kofi. Kafin nan ma, a Fabrairun 2008, Patriots sun zo da nasara 18 ba faɗuwa, Giants suka kayar da kwatabak ɗin Patriots, Brady, sau biyar, cikin masu matsa masa har da Osi Umenyiora ɗan asalin Najeriya. Giants suka ci 17 da 14.

Auwalu: Kawu, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa haka ya faru. Amma dubi yadda Seattle ta samu wancan tsaron. Kwatabak ɗinsu Russell Wilson a zagaye na uku aka ɗauke shi a 2012, albashinsa bai kai dala miliyan ɗaya a shekara ba. Richard Sherman da Kam Chancellor 'yan zagaye na biyar ne. Arha ce ta haɗa su, kuma da lokacin biyan kowa ya zo waɗannan 'yan wasan ba su sake ɗaga kofi da Seattle ba. Abin da nake tsoro da gina ƙungiya a kan tsaro shi ne ba ya daɗewa. Jaguars a 2017 sun kai wasan kusa da ƙarshe, Patriots ta fitar da su da ƙyar 24 da 20, shekara mai zuwa nasara 5 kacal suka yi. Bears a 2018 da Khalil Mack nasara 12, a 2019 suka koma 8. Dalili a bayyane yake. Baya tana buƙatar mutum 11 su yi daidai a kowane taku, idan mutum ɗaya ya yi rauni a gefe, nan abokin hamayya zai yi ta jifa har a tashi. Kuma ƙwace ƙwallo da ake tinƙaho da shi, bana ya zo da yawa, baɗi ya ɗauke. Gaba kuwa ta hannun mutum ɗaya take bi, wanda zai iya yi maka shekara goma sha biyar. Abin da ka tabbata zai dawwama shi za ka sa wa kuɗi.

Malam Isa: To Eagles fa a Fabrairun 2025? Sun doke Chiefs 40 da 22 a Super Bowl. Sun kayar da Mahomes sau shida, kuma da mutum huɗu kawai suke kai masa farmaki, ba su ƙara kowa ba. Wannan ba tarihin da ba ne.

Maman Hanifa: Malam, a nan kam zan rabu da kai, don Eagles ba shaidarka ba ce. Kwatabak ɗinsu Jalen Hurts miliyan 255 na shekara biyar. A.J. Brown miliyan 32 a shekara, DeVonta Smith 25, ga Saquon Barkley da ya yi gudun yadi 2,005. Masu cafewa biyu masu tsada, daidai abin da kake tuhumar Bengals da shi. 'Yan bayansu kuwa yara ne a kan kwantiragin farko: Jalen Carter, Nolan Smith, Jordan Davis, Quinyon Mitchell, da Cooper DeJean wanda ya ƙwace ƙwallon Mahomes ya ruga da ita har gida. Zack Baun ma kwantiragin shekara ɗaya mai arha suka ba shi, mai horar da 'yan bayansu Vic Fangio ya mayar da shi gwani. Inda suka bambanta da Bengals shi ne katangar da ke kare kwatabak: Lane Johnson, Jordan Mailata, Landon Dickerson, duk an biya su. Burrow sau 51 aka kayar da shi a kakar 2021, sau 7 a Super Bowl ɗin da Rams ta ci su 23 da 20. Gwiwarsa ta tafi a 2020, wuyan hannunsa a 2023. Ni da ni ce, kuɗin Higgins a kan manyan jikin nan na tsakiya zan zuba, na gaba da na baya. Chiefs sun koyi wannan da Tampa Bay ta yi musu 31 da 9 ba su da masu karewa biyu na gefe, nan take suka kawo Joe Thuney suka zaɓo Creed Humphrey da Trey Smith.

Nura: Sun gwada, Anti. Ted Karras da Alex Cappa a 2022, Orlando Brown a 2023. Kuma kar a manta Burrow da bakinsa ya yi ta neman a riƙe Higgins a bainar jama'a. Ƙungiya ba ta wasa da ran mutumin da ta ɗora komai a kansa.

Kawu Bala: Kwatabak aikinsa jifa. Haɗa ƙungiya aikin shugabanni ne, ko da zai ɓata masa rai.

Malam Isa: Na ji batun Eagles, amma su sun iya zaɓe, shi ya ba su damar kashe kuɗi a gaba. Wanda zaɓensa ba ya faɗawa daidai dole ya riƙe gwanayen da yake da su a hannu. Ɗan bayan Bengals Jessie Bates ya tafi Atlanta a 2023 a kan miliyan 64 na shekara huɗu, wato 16 a shekara, bai kai kashi biyu cikin uku na abin da Higgins ke karɓa ba. Tun da ya tafi tsakiyar bayansu ba ta sake zama daidai ba. Trey Hendrickson ya fi kowa kayar da kwatabak a 2024, sau 17 da rabi, amma sai da ya yi ta ja-in-ja da su kan albashi.

Auwalu: Bates shekara biyu kafin kwantiragin Higgins ya tafi, Malam. Ba kuɗin Higgins ne ya kore shi ba, kuma don gurbinsa aka ɗauko Dax Hill.

Malam Isa: Shekarar da Bates ya tafi ita ce shekarar da Burrow ya sa hannu, kuma sun san Chase da Higgins na kan layi. Ni a ganina tun a lokacin suka yanke wa wa za su tanadi kuɗin, suka sa yaron da bai goge ba a gurbin gwani. Sakamakon shi ne maki 41 da 35 da 44 ɗin da na lissafa muku tun farko, duk daga ƙungiyoyin rukuninsu da suke haɗuwa da su sau biyu kowace shekara.