Ina neman kalmar Hausa ta "chart" da yadda ake ƙara shi ko rage shi, kafin Asabar

Ustaza, Gadarif: Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana. Ina da darasi ranar Asabar da safe, kuma dole takardar darasin ta isa wurin mai bugawa ranar Alhamis kafin la'asar, don ba ya buɗewa ranar Juma'a. Yara 14 nake koya wa manhajar lissafi ta Excel, yawancinsu 'ya'yan masu hada-hadar riɗi da dawa ne a kasuwar amfanin gona ta nan garin Gadarif, a Sudan. A gida Hausa suke ji, karatunsu da Larabci suka yi shi, kwamfutocinmu kuma shida ne, huɗu da Turanci, biyu da Larabci. Hoton nan da ke nuna alƙaluma da sanduna ko layi, wannan ta ce chart, waccan ta ce mukhaɗɗaɗ. Na lura abin da na faɗa musu da Hausa shi ke zama a kansu, shi ya sa nake so takardar ta fito da Hausa, da boko a sama da ajami a ƙasa.

Abu uku nake nema. Sunan abin kansa. Sai 'yan ɗigo takwas ɗin nan da ke bayyana a jikinsa idan an danna shi, huɗu a kusurwa, huɗu a gefe. Sai ɗan akwatin da ake sa wa alama don kada tsayi ya canza ya bar faɗi a baya. Makon jiya wani yaro ya zana buhunan riɗin babansa na wata shida, ya kama ɗigon gefe ya matse, ya kama na sama ya ja. Sunayen watanni suka karkace, sandunan suka miƙe kamar karan dawa, tazarar buhu biyar ta koma kamar ta hamsin. Da na yi masa magana sai ya ce, "Ustaza, ai ke kika ce in ƙara girma." Gaskiyarsa ce, abin da na ce ke nan.

Ɗan Kassala: Wa alaikumus salam. Jadawali mana. Kowa ya san shi.

Ustaza, Gadarif: Yaya, jadawali na riga na ba wa layukan da ake zuba alƙaluma a ciki, kamar yadda Larabcin ya ce jadwal. In na kira su biyun da suna ɗaya, ranar da na ce "ku danna jadawali" rabin aji za su danna nan, rabi can.

Mai Fassara, Madani: Kada a ce taswira, ta ƙasa da hanya ce. Kada kuma a ɗauki "ginshiƙi" da injin fassara kan bayar, don ginshiƙi nau'i ɗaya ne kawai, ina mai layi da mai da'ira? Ni dai zanen ƙididdiga nake rubutawa. In an ambace shi sau ɗaya a farko, daga baya "zanen" ya isa.

Malam Nahawu: Kalma biyu ba suna ba ne, bayani ne. Na daɗe ina cewa a kira shi nunau. Abin da ke nuna yawa da ƙaranci a kallo ɗaya. Ƙirar Hausa ce tsantsa, kamar mantau da jimrau. Ba aro, ba jingina da Larabci. Nunau mai sanduna, nunau mai layi, nunau mai da'ira. Ku faɗe shi da baki ku ji yadda yake zama.

Mai Fassara, Madani: Allah ya gafarta Malam, ai nunau tana da mai ita. A nahawun Hausa ita ce sunan su "wannan" da "wancan". Kai ka fi ni sanin haka.

Malam Nahawu: Kalma ɗaya takan ɗauki ma'ana biyu, ba yau aka fara ba. Zanen da kuke so ɗin ma, a rubuce ba ya bambanta da zanen ɗaurawa. Matsalar dai ita ce ku nan kunnenku ya saba da Larabci har Hausa ta asali ta koma muku baƙuwa. Shekara tara na yi ina koyarwa a Kano kafin in zo ƙasar nan, na ga bambancin. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ɗan Kassala: Malam, wannan maganar ta yi nauyi. Kakannin wasunmu sun biyo hanyar gabas ne bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, ɗansa Bello ya jagoranci jama'a har suka zauna a Mai Wurno kusa da Sinnar. Wasu kuma hanyar hajji ce ta sauke su nan, da ƙafa suka zo. Sama da shekara 120 ke nan, ba makarantar Hausa, ba littafin Hausa a aji, amma kakata har ta koma ga Allah da Hausa take mana tatsuniya, ni ma da ita nake wa 'ya'yana faɗa. Gida bai bar mu ba. Kuma a Kano ɗin ai lissafi ake cewa, da alƙalami, da littafi, da darasi. Daga ina suka fito?

Malam Nahawu: Waɗancan sun shiga tun zamanin da, sun narke. Ban ce ku ba Hausawa ba ne.

Ɗan Kassala: Kusa da haka ka ce.

Ustaza, Gadarif: Don Allah Malam, don Allah Yaya. Yau Talata. Ko ɗigon ba mu taɓa ba.

Baffa Tela: 'Yata, ni ban san kwamfuta ba sai abin da jikana ya nuna mini yanzu, na sa shi ya buɗe mini na gani. Yaranki 'ya'yan kasuwar buhu ne. Buhu in za a ɗaga shi, ina ake kamawa? Kunnensa. To waɗancan huɗun na kusurwa kunnuwa ne. Na gefe kuwa ki ce gefe kawai. Batun girma kuma, a shago ba wanda ke kawo mini riga ya ce in ƙara mata girma. Sai dai ya ce a buɗa ta, ko a rage ta, ko a ƙara tsawo. Kowanne da sunansa, shi ya sa ba na ɓata wa mutane yadi. Ki raba musu kamar haka.

Mai Fassara, Madani: Baffa ya gama magana a kan kunne. Gyara ɗaya, a fuskar kwamfuta tsayi ya fi tsawo, don tsawo yakan tafi a kwance ma. Tsayi da faɗi. Ki kuma gaya musu jan kunne shi kaɗai ba ya tsare siffar zanen a Excel, sai an danne maɓallin Shift ana ja, ko an sa wa akwatin nan alama. In an danne maɓallin Alt kuwa, bakin zanen zai riƙa manne wa layukan jadawali. Wanda ke son daidai wa daida ya bar ja, ya rubuta awo. Sabon zane yakan fito da faɗin inci 5 da tsayin inci 3, wato santimita 12.7 da 7.62, faɗin takardar A4 kuma santimita 21 ne, sai su san iyakarsu. Akwatin, ni zan ce "kulle tsayi da faɗi tare".

Ustaza, Gadarif: Allah ya saka da alheri Baffa, Allah ya ƙara lafiya. Kunne ya zauna, har na ji yadda zan faɗe shi a aji: kama kunne, danne Shift, ja. Akwai saura ɗaya da na manta. Idan yaro ya faɗaɗa layin jadawalin da ke ƙarƙashin zanen, zanen ma sai ya miƙe, don haka Excel ke saita shi tun farko, yana tafiya yana miƙewa tare da layukan sai an hana shi. Wannan ma ba ni da sunansa.

Malam Nahawu: "Kulle tsayi da faɗi tare" kalma biyar ce, ba za ta shiga ɗan akwati ba. Kunne dai na yarda, Hausa ce mai kyau, tela ya fi mu. Amma zanen ƙididdiga ban karɓa ba, kuma ba zan rubuta shi a nawa aikin ba.

Ustaza, Gadarif: Na ji, Malam. A wannan bugun zan sa zanen ƙididdiga, da kunne, da tsayi da faɗi, da kullewar kamar yadda aka ba ni, tunda takarda ce ba akwatin kwamfuta ba. Nunau zan faɗa musu da baki ranar Asabar in ga ko wani zai riƙe ta. Na miƙewa tare da layuka na bar masa gurbi a shafi na biyu. Wanda ya samu kafin azahar ɗin Alhamis ya taimaka ya turo.

Ɗan Kassala: "Bin layi" fa?

Malam Nahawu: Wannan na gidan burodi ne. Ku ba ni zuwa gobe.