Kwamin kifin koi a cikin gida: siminti ko ledar roba?

Baban Yara, Kaduna: Assalamu alaikum. Muna da fili mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3 a bayan ɗakunanmu, kuma mun yi shawara da uwargida da yara cewa a hutun Disamba za mu haƙa kwami da hannunmu, mu zuba kifin ado da ake kira koi, mu kewaye shi da duwatsu da furanni. Akwai darbejiya kusa da wurin, autanmu kuma bai kai shekara uku ba. Shin mu gina da bulo da siminti ne, ko mu shimfiɗa ledar roba mai kauri?

Mai Tarwada: Wa'alaikumussalam. Ranka ya daɗe, ka zuba tarwada ka huta. Tana leƙowa sama ta shaƙi iska ko da ruwan ya lalace, kuma cikin wata 5 zuwa 6 ta isa shiga tukunya.

Hajiya Babba, Kano: Ɗana, ka saurari wadda ta ɗanɗana. Maigidana ya gina irin wannan kwami da siminti, maginin ya rantse cewa da zarar ya bushe sai a zuba kifi. Ashe sabon siminti yana sakin sinadari mai ƙona fatar kifi da hanyar numfashinsa, kuma kashin farko duk suka mutu. Muka jiƙa kwamin, muka riƙa sauya ruwa na makonni, muka sake sayo wasu, jikoki har suka raɗa musu sunaye. Da zafin Afrilu ya kankama, taransifomar unguwarmu ta ƙone, injin da ke juya ruwan ya tsaya, muka wayi gari manyan suna yawo a saman ruwa ciki a sama. Yanzu alayyafo nake shukawa a wurin.

Injiniyan Ruwa: Allah ya mayar da alheri, Hajiya, amma ba laifin kifin ba ne. Asalin kiwon koi daga yankin Niigata ne na Japan, inda ake yin ƙanƙara, kuma ya fi walwala a ruwa mai zafin digiri 15 zuwa 25. Ruwa yana ƙara ɗumi, iskar da ke cikinsa tana raguwa, manyan kifaye kuma su ne suka fi bukatarta. Saboda haka zurfin kada ya gaza mita 1, a yi rumfa, a sa matatar da ke rage gubar kashin kifi, injin kuma ya kwana yana aiki da sola da batir. Kifi ne da ke iya wuce shekara 25, tsawonsa ya haura santimita 60.

Mai Tarwada: Injiniya, kifi nawa ka taɓa kiwatawa da hannunka? Karatu daban, wankin kwami daban.

Injiniyan Ruwa: Malam, ƙwarewarka a tarwada take, ita kuwa ko a kwata tana rayuwa.

Kawu na Abuja: Ni naira 5,000 na sayi kowane ƙarami, aikin leda gaba ɗaya bai kai naira 400,000 ba.

Hajiya Babba: To, Alhaji, wataƙila jan kifin kwalba aka sayar maka, domin mu kowane ɗaya ya haura naira 20,000, sola kaɗai kuma za ta iya cinye abin da ka ambata. Ka duba bakinsu, koi na gaskiya yana da ɗan gashin baki.

Ɗan Zariya: Kifin da za a yi wa rumfa da sola, a hana shi zafi, sannan a hana ni soya shi, ai wannan ba kiwo ba ne, ƙarin aure ne.

Baban Yara: Na gode ƙwarai. Amma batun saiwar darbejiya da yaron fa?

Maƙwabcin Mai Kifi: Kafin darbejiya, ka faɗa mana inda za ka riƙa zubar da ruwan da ka sauya. Maƙwabcina duk mako yake sako nasa cikin lungu, ƙarni ya hana mu shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, sauro ya samu wurin zama, gindin katangata kuma ya fara jiƙewa. Mun kai ƙara wurin mai unguwa, ya ce a yi haƙuri da juna.

Mai Tarwada: Wannan ruwan taki ne, da za ka ja shi zuwa gindin ayaba da ka gode masa.

Maƙwabcin Mai Kifi: Ba ni da ayaba, katanga nake da ita, kuma har yau ba a faɗa mini wanda zai biya kuɗin gyaranta ba.